Bizar masu zuba jari ta Amurka ga wanda ya taɓa wuce wa'adi: shekara nawa zan jira?

Ba'adare mai albasa ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena. Ni ɗan kasuwa ne, asalina Tawa, amma shekara shida ke nan ina zaune da iyalina a Yamai, ina fataucin albasa zuwa Abijan da Akara, ina kuma shigo da kayan gini. Akwai maganar da na daɗe ina juyawa a raina, na ga gara in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sani kafin in taɓa ko dala ɗaya daga cikin dukiyata.

A watan Maris na 2017 na shiga Amurka da bizar ziyara, a filin jirgi aka ba ni wata shida, wato zuwa Satumba. Ban fito a kan lokaci ba. Na zauna wurin wana a Girinsboro, inda ƴan Nijar suke da yawa, ina ƴan ayyuka, har zuwa Nuwamban 2018, lokacin da rashin lafiyar mahaifiyata ta maido ni gida. Ba wanda ya kama ni, ba wanda ya kore ni, da kuɗina na sayi tikiti na hau jirgi, kuma tun daga ranar ban sake neman bizar Amurka ba.

Yanzu Allah ya buɗa mini, kuma babban burina shi ne karatun yara. Wani mai shiga tsakani ya same ni a kasuwa, ya yi mini bayanin bizar masu zuba jari da ake kira EB-5, ya ce idan na zuba dalar Amurka 800,000 a wani aiki can, ni da maiɗakina da yara za mu samu girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, cikin shekara ɗaya da rabi. Da na ba shi labarin zamana na baya, sai ya ce jari mai girma irin wannan yana wanke komai, kuma tun da na canza fasfo ba sai na tayar da maganar ba. Zuciyata ba ta kwanta da wannan amsa ba. Ina roƙon wanda ya san dokar ya gaya mini gaskiya: shin jarin yana goge wuce wa'adi? In ba ya gogewa, sai yaushe zan iya shiga? Wana ya zama ɗan ƙasa a can, ko zai iya tsaya mini? Babban ɗana yana da shekara 18, ina tsoron kada jira ya fitar da shi daga cikin dosiyen.

Tsohon tafinta, Yantala, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Na yi shekaru ina tafinta a ofishin wani lauyan shige da fice a Niyok kafin in dawo gida, kuma magana irin taka ta sha bi ta bakina, saboda haka zan faɗa maka ita yadda take: jari ba ya goge wuce wa'adi. Mutumin nan ya cuɗa maka abubuwa biyu waɗanda doka ta raba.

Abu na farko shi ne takardar neman shiga shirin, I-526E ga wanda ya zuba kuɗinsa ta hannun cibiyar yanki (kamfanin da gwamnatin Amurka ta amince ya tara kuɗin masu jari ya zuba a ayyuka), ko I-526 ga wanda ya kafa sana'arsa da kansa. Hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, tana duba abu uku a nan: ko kuɗin ta hanyar halal aka same su, ko an zuba su da gaske, da kuma ko za su samar wa mutum 10 aiki na cikakken lokaci. Amincewa da wannan takarda ba izinin shiga ba ne. Bayan ta ne dosiyen zai tafi cibiyar biza ta ƙasa, ka cika takardar neman bizar zama, DS-260, likita ya duba ka, sannan ka zauna gaban jami'in ofishin jakadanci, kuma a wannan zama ne ake buɗe tarihinka. Shi ya sa mutum zai iya riƙe takardar amincewa a hannu, kuɗinsa na can cikin ginin wani, a kuma hana shi biza a rana guda.

Dokar da ta shafe ka ta 1996 ce. Wanda ya zauna ba bisa ƙa'ida ba fiye da kwana 180 amma bai cika shekara ba, in ya fita da kansa, an hana shi shiga na shekara 3. Wanda ya cika shekara ɗaya ko ya wuce, shekara 10 ne, kuma ƙidayar tana farawa daga ranar fita. Kai wa'adinka ya ƙare a Satumban 2017, ka fita a Nuwamban 2018, wata 14 ke nan, don haka hukuncin shekara 10 ne a kanka, zai kuma sauka a Nuwamban 2028. Abin da ya fi ba ni tausayi a lissafinka shi ne, da ka fito a Agustan 2018, da shekara 3 ce kawai, da tuni ta wuce tun 2021. Amma ka sani cewa idan shekarun suka cika, wannan hukunci ya ƙare ke nan, ba ka buƙatar neman afuwar kowa a kansa.

Game da wanka kuwa, ba zai iya tsaya maka ba. Akwai takardar neman afuwa, I-601, amma doka ta keɓe ta ga wanda matarsa, ko mijinta, ko mahaifi, ko mahaifiya ɗan ƙasa ne ko mai girin kad, kuma sai an nuna cewa wannan dangin zai shiga matsanancin ƙunci idan aka hana ka. Ɗan'uwa ba ya cikin lissafi. Ko ɗan cikinka da aka haifa a can ba ya ciki, kuma na ga iyaye da yawa suna kuka a kan wannan.

Dokar ba ta hana ka shigar da takardar jari tun hukuncin bai sauka ba. Gyaran da aka yi wa shirin a Maris na 2022 ya ware kashi 20 cikin ɗari na bizar ga ayyukan karkara, ya kuma ce a ba dosiyensu fifiko, sannan ƴan Nijar ba su da dogon layi irin na ƴan Sin da Indiya. Sai dai wannan saurin, wanda alheri ne ga wani, kai zai iya zame maka nauyi: in amincewa ta fito kafin 2028, sai lauya ya riƙa tuntuɓar cibiyar biza don kada a rufe dosiyen, domin wanda ya yi shekara guda bai motsa ba bayan an sanar da shi ana iya soke rajistarsa. Idan komai ya tafi daidai ka shiga a 2029, katin da za a ba ka na sharaɗi ne na shekara 2, a cikin kwana 90 na ƙarshensa ka shigar da I-829 don nuna cewa ayyukan 10 sun samu, sai an amince da ita katin ya zama na dindindin. Shekara ɗaya da rabin da aka faɗa maka ba ta da wurin zama a cikin wannan lissafi.

Ga ƴan'uwanmu da ke karantawa daga can ciki, tasu hanyar daban ce. Wanda ya shiga da biza, kuma saɓa ƙa'idarsa tun shigarsa ta ƙarshe ba ta wuce kwana 180 ba, gyaran 2022 ya buɗe masa ƙofar shigar da I-485 ya nemi katin ba tare da fita ba. Wanda ya zarce haka, ƙofar ta rufe masa, kuma ranar da ya fita don neman biza a waje ita ce ranar da hukuncin zai hau kansa. Kwanakin da yaro ya yi kafin ya cika shekara 18 ba a ƙidaya su a lissafin hukuncin shekara 3 ko 10.

Hajiya mai atamfa, Wadata, ta amsa:

Alhaji, ni maganar sabon fasfo ce ta sa na kasa yin shiru, domin abin ya faru a gidanmu. Ɗan yayata ya wuce wa'adi da wata takwas, ya dawo gida, wani ya ba shi irin shawarar da aka ba ka, ya cika takarda ya ce bai taɓa zarce lokaci ba. Hukuncinsa na shekara 3 ne, saura kaɗan ya cika, amma da aka kama ƙaryar sai aka rubuta masa yaudara don neman biza, wadda hukuncinta na har abada ne. Sun ɗauki zanen yatsunka a ofishin jakadanci, sun sake ɗauka a filin jirgi, kamfanin jirgin da ka hau kuma ya ba su sunanka da ranar fitarka. Canza fasfo ba ya canza yatsu, ramin ƙarya kuma ƙurarre ne. Duk wanda ya ce ka ɓoye, don Allah kada ka bari ya riƙe maka ko da kwafin takarda ɗaya.

Abu na biyu, a matsayina na ƴar kasuwa nake faɗa maka, shi ne asalin kuɗi. Mu nan ciniki muke yi da amana, a ɗora buhu a mota, a karɓi kuɗi hannu da hannu, a rubuta a littafi ko a riƙe a ka. Su kuwa takarda suke so a kan kowane mataki: rajistar kasuwanci, takardun haraji na shekaru bakwai, takardun duwan, bayanan banki, in kuma fili ka sayar, su ga yadda ka mallake shi tun farko da kuɗin da ka saye shi da su. Dalar Amurka 800,000 ta haura sefa miliyan 400, kuma fitar da irin wannan kuɗi daga yankinmu yana ƙarƙashin ƙa'idojin canji na babban bankinmu, BCEAO. Idan ka bi ta hannun ƴan canji, ka ba da sefa a Yamai wani ya tura dala daga Dubai, za su tambaye ka inda shi wancan mutumin ya samo nasa kuɗin, kuma da wuya ya yarda ya buɗe maka littafinsa.

Ni a ganina waɗannan shekaru da suka rage maka ba asara ba ne. Ka mayar da cinikinka ta banki, ka biya haraji da sunanka, ka adana kowane rasidi, domin ko ba ka je Amurka ba wannan gyara zai amfani ƴaƴanka.

Ba'adare mai albasa ya sake rubutawa:

Malam, Hajiya, Allah ya saka muku da alheri, kun cire mini ƙaya. Na yanke hulɗa da mutumin tun jiya. Amma ina da ƙarin tambaya, tun da maiɗakina ba ta taɓa taka Amurka ba kuma ba komai a kanta: idan na shigar da takardar yanzu, za su iya yin gaba ita da yara, ni in bi su a 2028? Sannan Malam bai taɓo maganar babban ɗana ba, kuma ita ce ke hana ni barci, domin zai cika shekara 21 a 2029.

Ɗan Tawa, ma'aikacin banki, ya amsa:

Baba Alhaji, da izinin manya zan sa baki, domin akwai abin da ba a ambata ba wanda ya sha gaban duk wannan lissafi. A ranar 16 ga Disamban 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan sanarwar da ta ƙara Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, cikin ƙasashen da aka dakatar da shigar ƴan ƙasarsu gaba ɗaya, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Dakatarwar ta haɗa da bizar zama, kuma ba a keɓe masu zuba jari ba. Tun kafin haka ma, a watan Yulin 2025, ofishin jakadancin Amurka na nan Yamai ya dakatar da aikin biza na yau da kullum. Ma'ana, ko wanda bai taɓa wuce wa'adi da kwana ɗaya ba, in fasfon Nijar ne kaɗai a hannunsa, ba zai samu wannan biza ba muddin sanarwar tana aiki, sai dai a ɗaga masa ƙafa bisa hujjar maslahar Amurka, wadda ba a gina shiri a kanta. Hukuncinka na shekara 10 yana da ranar ƙarewa, ita kuwa sanarwar ba a sa mata rana ba.

Na san za a zo maka da maganar sayen fasfon wata ƙasa, domin sanarwar ta keɓe mai ƙasa biyu da ke tafiya da fasfon ƙasar da ba a hana ba. Ko da hakan ya warware maganar sanarwa, hukuncin wuce wa'adi yana bin mutum ne, ba fasfo ba. Wata bizar jari da ake tallatawa, E-2, ta ƴan ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniya da Amurka ce, irin su Sanagal da Togo, Nijar ba ta ciki, kuma ita ba ta kai mutum ga girin kad.

A aikinmu na banki abin da muke fara tambaya shi ne yaushe kuɗi za su dawo. A wannan shiri doka ta ce dole jarin ya kasance cikin haɗarin riba ko asara, ba a yarda wani ya ba ka tabbacin mayarwa ba, kuma an taɓa cin amanar masu zuba jari, kamar abin da ya faru a aikin Jay Peak na jihar Bamont, wanda hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta kai ƙara a 2016. Ka ɗaure rabin dukiyarka a ƙasar da ba za ka iya zuwa ka duba aikin da idonka ba, ni ban ga hikimar haka ba a yanzu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tsohon tafinta, Yantala, ya sake amsawa:

Ɗana, ka yi gaskiya, kuma ya kamata a ce da ita na fara. Zan dai ƙara abin da lauyoyi za su gaya wa Alhaji don kada ya ji shi a bakin wani ya ɗauka mun ɓoye masa. Izinin shirin cibiyoyin yanki zai ƙare ranar 30 ga Satumban 2027 in majalisa ba ta sabunta shi ba, kuma doka ta ba da kariya ga dosiyen da aka shigar zuwa 30 ga Satumban 2026, wato za a ci gaba da aiki a kansu ko shirin ya tsaya. Sannan daga Janairun 2027 za a daidaita adadin jarin da hauhawar farashi. Waɗannan ranaku gaskiya ne, kuma da su za a riƙa ingiza ka a ce yanzu ko babu. Ni da dukiyata ce, da na gwammace in biya ƙari daga baya a kan in kulle ta yau a bayan ƙofa biyu da ke rufe.

Alhaji, amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Idan kai ne mai jarin, iyali ba sa rigan ka shiga, ko su shiga tare da kai ko su bi bayanka, kuma in an hana ka an hana su. Hanyar da ake bi a irin halinka ita ce a juya dosiyen: ka ba maiɗakinka kuɗin kyauta a rubuce, ta zama ita ce mai jarin, tare da dukkan shaidar inda kai ka samo su, domin doka ta yarda da kyauta in asalinta ya bayyana. Ita da yara marasa aure ƴan ƙasa da shekara 21 sai su shiga in an ɗage sanarwar, kai ka bi bayan Nuwamban 2028. Idan ta riga ta samu katin, ta zama irin dangin da ake neman afuwar I-601 ta dalilinsu, kodayake nuna matsanancin ƙunci ba ƙaramin aiki ba ne, kuma jiran amsar yana iya cinye sauran lokacin da ya rage maka. Ka gafarce ni in taɓo abin cikin gida: idan aure fiye da ɗaya ne, dokarsu mace ta farko kaɗai ta sani, wannan kuma magana ce da za a yi da lauya tun zaman farko, ba a gaban jami'in biza ba.

Game da ɗanka, akwai dokar kare shekarun yara ta 2002, wadda ke cire tsawon lokacin da takardar ta yi tana jiran amsa daga shekarun yaro. Tun da Nijar ba ta da layi, kusan shekarun da yake da su ranar da aka shigar da takardar su ne za a riƙe masa, bisa sharaɗin ya nemi bizar cikin shekara guda bayan ta samu, kuma kada ya yi aure. Saboda haka ranar da ya kamata ka sa wa ido ita ce ranar cikarsa 21 a 2029, a shigar kafin ta, ba lallai bana ba. Wannan ya ba ka sararin ganin inda sanarwar za ta nufa.

Akwai abu ɗaya da zan so ka yi tun yanzu, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Ka sa lauya mai lasisi a Amurka ya nemo maka dosiyenka daga hukumominsu ƙarƙashin dokar ƴancin samun bayanai, domin lissafin 2028 ya tsaya ne a kan cewa wuce wa'adi ne kaɗai a kanka. Idan wani ya taɓa cika maka takardar neman mafaka ba ka bi ta ba, wataƙila alƙali ya yanke hukuncin kora a bayan idonka, wannan kuma hukunci ne na daban. Haka nan ƴan ayyukan da ka ce ka yi: in a wani wuri ka sa hannu a takardar ɗaukar aiki da ke cewa kai ɗan ƙasa ne, wannan laifi ne da ke hana bizar zama har abada kuma ba shi da afuwa. Ka zauna ka tuna kowace takarda da ka taɓa sa wa hannu a Girinsboro, ka tambayi wanka abin da ya sani, sannan ka nemo tsohon fasfon da ke da hatimin shigarka na 2017 da na saukarka a Yamai a 2018, tare da tikitin in yana nan, domin da su za a tabbatar da ranar da ƙidayar ta fara.

Ba'adare mai albasa ya rubuta:

Na gode, Malam, na gode ɗana. Tsohon fasfon yana Tawa cikin akwatin mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, na kuma aika ƙanena ya ɗauko shi. Ban taɓa neman mafaka ba, amma akwai wani ɗakin ajiyar kaya da na yi wata huɗu ina aiki, inda aka ba ni takardu da Turanci na sa hannu ba tare da an karanta mini ba. Yau da dare zan kira wana mu fara da wannan.